Faifan garmaho ya komo, mu duba namu



Kowa ya san faifai. Da kaba a ke saƙa shi, irin wadda ta cika Gulbin Kaba. A rufe ƙwaryar fura da shi, a yi bakace da shi. To, sa'ad da Turawa suka zo da wani baƙin abu mai faɗi, kewayayye, wanda in an aza shi bisa akwati sai ya riƙa juyawa yana waƙa, Hausawa ba su sha wahalar neman suna ba. Suka ce wannan ai faifai ne. Akwatin kuma suka ce da shi garmaho. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin ko guda ba, amma sunan bai mutu ba. Har gobe in mawaƙi ya fid da sabbin waƙoƙi sai ka ji an ce ya saki faifai, alhali cikin wayar salula a ke jin su.

Ga abin mamaki. Wannan faifai da mu ke cewa ya zama kayan da, a ƙasashen Turawa ya komo kasuwa. A Amurka, cikin shekarar 2022, an sayar da faifai miliyan 41, ƙananan faifan CD kuwa miliyan 33. Rabon da a ga haka tun 1987. Mutane suna bin gidajen tsofaffi suna neman ampili na shekarun 1970, irin su Pioneer da Sansui na ƙasar Japan, su gyara, su haɗa da manyan lasifika, su zauna su saurara. Cikin faya-fayan da su ke saye kuma har da na kiɗan Nijar. Shi ya sa na ga ya kamata mu auna abin nan da kunnenmu, mu ga inda ya ke da gaskiya da inda ya ke yayi ne kurum.

Bari mu fara da yadda abin ya ke aiki, don wanda bai san jikin abu ba ba ya iya yi masa hukunci. In ka kai faifai kusa da ido za ka ga layi siriri wanda ya kewaye shi tun daga baki har tsakiya, kamar yadda mai saƙa ke kewaya zare. Layin nan ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba ya gani sosai. Allura ke bi ta ciki. Tana bi tana rawa, rawarta kuwa ita ce muryar da aka ɗauka. A garmaho na farko, wanda a ke wana wa da hannu, rawar allura ke kaɗa wata ƴar fata ta ƙarfe, ƙaho ya ƙara mata ƙarfi. Ba ruwansa da kuran ko pil. A na baya kuma rawar allura kan zama ƴar wuta kaɗan ƙwarai, wadda ba ta isa ta motsa komi ba. Aikin ampili ke nan, ya karɓi wannan ƴar wuta ya kumbura ta har ta iya tura takardar lasifika gaba da baya. Takardar ta tura iska, iska ta kawo maka waƙa.

Wani Ba'amurke, Edison, shi ya fara fito da na'urar da ke kama murya ta kuma maido da ita a ji, a 1877. Bayan shekara 10 Berliner ya fito da faifai mai faɗi. Tsohon faifai da wani irin ƙaro a ke yin sa, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa bisa itatuwa a ƙasar Indiya. Yana da nauyi, in ya faɗi ya fashe kamar kasko. Yana juyawa sau 78 cikin minti guda, kowace fuska kuwa ba ta wuce minti 3 ko kaɗan da haka. A 1948 aka fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33, wanda fuskarsa guda ke ɗaukar minti 20 ko fiye. A 1949 ƙarami mai 45 ya biyo. Kaset kuma kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Ka riƙe waɗannan lambobi, 78 da 33 da 45, za mu komo gare su.

A nan ƙasarmu garmaho bai taɓa zama kayan kowa ba. Zamanin da gyaɗa ke da daraja, kafin farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, wanda ya sami kuɗi keke ya kan saya, ko rediyo. Garmaho sai gidan attajiri, ko ma'aikaci, ko tsohon soja, ko bafatake mai zuwa Kano. Waƙoƙin da ke ciki ma yawancinsu daga Najeriya su ke, inda kamfanoni irin su EMI ke buga faya-fayan mawaƙan Hausa.

Yanzu ga tambaya ta farko. Mi faifai ya yi wa waƙar Hausa?

Ni a ganina ya yi mata alheri guda babba da ɓarna guda babba, kuma ba kowane mawaƙi suka faɗa wa daidai ba. Dubi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Mutum guda, kuntigi guda mai tsirkiya guda. Waƙarsa gajera ce, ya ɗauki magana guda, ta karen mota ko ta zaman aure, ya juya ta, ya aje. Faifai kamar don shi aka yi. Ba abin da ya ɓace. Kana jin kowace kalma, kana jin yatsa bisa tsirkiya, in ka rufe ido sai ka ce yana zaune bakin tabarmarka.

Amma dubi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Shi waƙarsa a fili ta ke girma. Yana kallon jama'a, ya hango wane ya sa shi ciki, a yi masa kari ya ƙara baiti, ƴan amshi su karɓa, kalangai su yi ta magana a bayansa. Bakandamiya ba ta da iyaka guda, yau ta yi tsawo, gobe ta fi haka. In ka kai irin wannan mawaƙi cikin ɗaki, ka rufe ƙofa, ka ce da shi ga agogo, in allura ta kai tsakiya a tsaya, to ka sami muryarsa amma ka bar rabin wasan waje. Wanda ya san Shata ta faifai kaɗai ya san shi kamar yadda mutum ke sanin kasuwar Tasawa ran da ba ta ci. Rumfuna na nan, hanya na nan, masu ciniki ne babu.

Duk da haka kada mu yi butulci. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960. Ba don an kama muryarsa cikin na'ura ba, da yau sai dai a ce mana an yi wani mawaƙi a ƙasar Gobir, mu ce to. Makaɗa nawa ne na sarakunan Tasawa da na Mayayi suka wuce ba wanda ya ɗauke su? Jikokinsu na iya riƙe kalmomin, su riƙe kiɗan, amma murya ba a gadonta.

Akwai faya-faya uku ko huɗu da na ke so in yi maka bayaninsu, don su ne a ke nuna wa duniya da sunanmu.

Na farko, wani ma'aikacin gidan rediyon Faransa, Tolia Nikiprowetzky, ya zo Nijar a 1963 da na'urar ɗaukar murya. Kamfanin Ocora na Paris ya buga abin da ya ɗauka, faifai guda na kiɗan maroƙa da makaɗa, har da na Hausa da na Zabarmawa, wani kuma na Buzaye da Fulani makiyaya. Aiki ne mai kyau, ba na musu. An ɗauki kiɗan inda a ke yin sa, ba cikin rufaffen ɗaki ba, kuma kayan kiɗan na fita tsaf. Inda na ke da magana shi ne an yi shi don kunnen baƙo. Ana ba ka ɗan wannan, kafin ka zauna cikinsa an wuce zuwa wancan, kamar mai ɗanɗana miya a tukwane goma bai ci tuwo ba. Baƙo na son ya ji yadda kayan kiɗa ke ƙara. Mu kuwa magana mu ke bi. Muna son mu ji wa a ke yi wa, ɗan wane ne, mi ya yi, wa a ke yi wa zambo. Bayanin da ke jikin kwalin kuma ba da Hausa aka rubuta shi ba, ba kuma a kasuwanninmu aka sayar da shi ba. Haka nan faya-faya biyu na kiɗan Hausa da wani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauka a arewacin Najeriya cikin shekarun 1960. Shi dai ya ƙara da ƙoƙari guda, shi da Anthony King sun tara sunayen kayan kiɗan Hausa da na makaɗa cikin littafi a 1971. Amma da Ingilishi.

Na biyu ya fi ba ni sha'awa. Mamman Sani, wani ɗan Nijar, ya samo molon Turawa mai aiki da kuran, irin wanda a ke dannawa da yatsu. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kiɗansa cikin kaset. Kaɗan aka buga. Amma rediyo da talabijin sun yi shekaru suna sa kiɗan tsakanin shiri da shiri, har mutane da yawa suka san shi a kunne ba su san mai shi ba. Bayan shekara 30 da wani abu, wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tarar da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi, suka shirya. A 2013 aka buga shi bisa faifai. Daga nan Mamman Sani ya shiga yawon ƙasashen Turai yana kiɗa, da furfurarsa.

Kiɗan kansa mai sanyi ne. Ba gaggawa, ba hayaniya. Ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya ya zuba cikin na'urar Turawa, suna tafiya sannu kamar ayarin raƙuma da hantsi. Wanda ya saba da ganga da kirari zai ce ina maganar ta ke, don yawancinsa ba kalmomi. Ni ma ba zan sa shi ran gayya ba. Amma da dare, bayan an gama komi, yana shiga jiki. Akwai guda da a ke kira Salamatu, in ka same ta ka saurara har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Sai dai ka lura da abu guda, don a nan ne masu yabon faifai ke wuce gona da iri. Su kan ce komi aka sa bisa faifai ya fi daɗi. Ba haka ba ne. Wannan faifai daga kaset aka kwafe shi. Abin da kaset bai kama ba a 1978, faifai ba shi da inda zai samo shi. In ka juye fura daga ƙwarya zuwa tasa mai walƙiya, furar nan ce dai. Wannan kamfani ya buga wani faifai a 2013 mai suna Harafin So, na waƙoƙin fim ɗin Kano. Waƙoƙin nan da kwamfuta aka yi su tun farko, aka gyara muryoyi da na'ura. Sa su bisa faifai bai ƙara musu komi ba sai babban kwali mai hoto. Abin yabo ga kamfanin wani ne dabam. A 2011 ya tara waƙoƙin da mutanen Sahara ke tura wa juna ta waya, ya buga su, ya kuma bi sawun mawaƙan ya ba su rabonsu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ta nan duniya ta fara jin sa. Wannan shi ne abin koyi, a nemi mai waƙa, a rubuta sunansa, a biya shi.

To, ina gaskiyar masu komawa kayan da? Tana nan, amma ba cikin faifai ta fi yawa ba. Cikin ampili da lasifika ta ke.

Gwada da kanka. Sa kiɗan kokowa cikin wayarka. Za ka ji muryar mawaƙi, ka ji ƙarar bakin ganga, kas kas kas. Amma cikin ganga fa, wannan gurnani da ke bugun ƙirji har ɗan kokowa ya ji tsikar jikinsa ta tashi? Babu shi. Dalili kuwa, lasifikar waya ba ta fi ƙwayar wake girma ba. Ƙara mai kauri tana bukatar a tura iska da yawa, abu ƙarami ba ya iyawa. Tambari, ganga, ƙwaryar da a ke kifawa bisa ruwa, duk waya na yanke musu ƙasa ta bar sama. Kalangu ma da ke magana, rabin maganarsa cikin saukar murya ta ke, in makaɗi ya saki tsirkiya. Yaran da suka tashi da waya kaɗai ba su taɓa jin kiɗan iyayensu cikakke ba in ba a fili ba. Tsohon ampili mai nauyi da akwatin lasifika na katako su ke maido da wannan. An ce da tsohuwar zuma a ke magani, a nan kam maganar ta zauna.

Faifai kuwa, in ka tambaye ni ko manomin Kanambakashe ko na Urafan ya fid da kuɗinsa ya saya, sai in ce a'a. Ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Roba ce, zafin bazara na lanƙwasa ta, in ta lanƙwashe kuwa allura sai ta riƙa tsalle. Ƙurar hunturu na shiga cikin layin, ka ji ƙas ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Allura in ta cinye ba ka samunta a kasuwar ƙauye. Kuɗin sabon faifai guda kuma, da na kawo shi, zai saya maka hatsi mai auki. Wanda ya gaji faya-faya dai ya riƙe su da kyau. A jera su tsaye, kada a kwantar da su a aza kaya bisa. A sa su ɗakin ƙasa, ba ƙarƙashin kwano ba. A wanke da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan, a bi layi da tsumma mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kada alkol ya kusanci mai nauyin nan na 78, narkar da shi ya ke yi. Kuma ga amfanin karatunka. Duba takardar tsakiya, ka karanta lamba. In ka ga 33 ko 45, kada ka kuskura ka aza masa allurar ƙarfe ta garmahon hannu. Sau guda ta bi ta kansa ta huɗe shi kamar garma, ba ya komowa.

Mu faifanmu na gaskiya kaset ne. Wannan ita ce maganar da ta fi damuna.

Tun daga shekarun 1970 rediyo mai kaset ta shiga ƙauyuka. Ƴan cin rani suka kawo ta, alhazai suka kawo ta. Ba ta bukatar kamfani, ba ta bukatar Bature. Kowa na iya danna jan maɓalli ya ɗauki abin da ke gabansa. Kaset mai lamba 90 na ba ka minti 45 a kowace fuska, mawaƙi ya yi ta yi har ya gaji. Da haka aka ɗauki abin da faifai bai taɓa ɗauka ba, kiɗan biki da na suna, goge, gurmi, waƙoƙin noma, waƙoƙin samariya na zamanin Seyni Kountché, kirarin ƴan kokowa tun daga gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Aka ɗauki wa'azin malamai. Aka ɗauki saƙon baki, wanda ke Legas ko Libiya ya yi magana cikin kaset ya aiko gida, uwa ta amsa masa cikin wani. Kaset ɗin nan ba su da tsabtar murya irin ta faifan Paris. Ana jin kukan jaki, ana jin guɗa ta rufe mawaƙi. Amma wasan cikakke ne, da jama'arsa, da sunayen mutanen da ka sani. In aka ce in zaɓa tsakanin faifan Ocora da kaset guda na bikin da aka yi a Maijirgi ko Korgom shekara 40 da suka wuce, kaset ɗin zan ɗauka. Faifan Ocora akwai irinsa da yawa a duniya. Wancan kuwa shi kaɗai ne, in ya lalace ya tafi ke nan.

Kuma suna lalacewa. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son maganaɗisu. Kada ka aje shi bisa lasifika, akwai maganaɗisu babba a bayanta, yana shafe murya sannu sannu. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kuma na yawo gari gari. Su tagullar da ke cikin na'ura su ke so. Su ba ka ƴan daloli, su fasa abin da guduma.

Kafin ka sayar, kai shi wurin mai gyaran rediyo, a Tasawa ko Mayayi ko Maraɗi. Yawancin ciwon tsohuwar na'ura ƙarami ne. In rediyo mai kaset ta kama amma ba ta juyawa, galibi igiyar roba ce ta ciki ta saki ko ta narke. In tana cin zare, ƴar tayar roba ce da ke matse shi ta yi datti. In murya ta dushe, kan da zare ke gogawa ne ke son a share shi da auduga da ɗan alkol. In ka murɗa maɓallin ƙara ka ji ƙarar yashi, ƙura ce. In ampili na gurnani, huuu, ko ba a sa komi ba, to wasu ƴan gwangwanaye ne a ciki, masu gyara na ce musu kondansate. Akwai ɗan ruwa-ruwa cikinsu, shekaru da zafi kan busar da shi. Ana cire su a sa sabbi, da dalma. Lambobinsu na rubuce a jikinsu, sai a sa mai lamba irin tasu. Sau da yawa ma in aka buɗe akwatin abin da a ke tararwa gidan zanzaro ne, ko ɓera ya ci waya, ko gara ta shiga katako.

Abu uku ka kiyaye. Na'urar da ta yi shekaru a ajiye, kada ka zo ka cusa ta ga kuran kai tsaye. Mai gyara da ya san aikinsa ya kan haɗa ta da ƙwan fitila tukuna, in akwai ciwo ƙwan ya haska da ƙarfi, na'ura ba ta ƙone ba. Sa'an nan juya bayanta ka karanta. In an rubuta 220, ta dace da wutar NIGELEC. In 110 ko 120 ka gani, ta Amurka ce, wutarmu za ta kashe ta nan take sai da na'urar rage wuta. In 12 ne, batirin mota ko na hasken rana ya ishe ta, wannan ita ce ta ƙauye. Na uku, kada ka sa hannu ciki da kanka. Manyan gwangwanayen nan na riƙe wuta ko an cire waya, balle tsohon ampili mai kwalabe masu haske, wanda wutar cikinsa ke iya kashe mutum.

Masu gyara ma ina da magana da su. Akwai wanda in fis ya ƙone sai ya naɗa waya ko takardar sigari a wurin. Fis mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin na'ura. Wanda ya ɗaure shi da waya ya kori mai gadi ya bar ƙofa buɗe. Akwai kuma wanda ba ya son wahalar neman ciwo, sai ya kwashe kayan ciki duka ya liƙa ɗan allo sabo mai araha, ya ce ya gyara. Ƙara za ta fito, amma ba ta da ba ce, kayan da ya kwashe kuwa sun fi wanda ya sa daraja. In ba makawa sai an yi haka, a gaya wa mai abu tukuna. Kai kuma ka tsaya a yi ciniki kafin a buɗe, ka ce duk abin da aka cire a ba ka shi a hannu.

In na'ura ta tashi, kada ka tsaya ga jin daɗi. Kaset ɗin da ya yi shekaru kwance, fara juya shi da bik daga farko har ƙarshe, zaren ya saki jikinsa. Sa'an nan ka sa shi, ka ɗauka cikin waya. In akwai igiyar da ke haɗa su ya fi kyau. In babu, a shiga ɗaki da dare, a rufe ƙofa, a aje waya kamar taki guda daga lasifika, kowa ya yi shiru. A kwafa cikin kati biyu ko uku, a ba ƴan uwa, don katin waya ma ɓacewa ya ke yi, ya fi kaset saurin ɓata. Kaset ɗin kuma kada a yar. Tsohon ampili ɗin nan zai karɓi waya ta ƙofar da aka rubuta AUX a bayansa, ka ji abin da ka kwafa da cikakkiyar murya.

Saura aikin da ba mai yi sai kai da ka shiga yaƙi da jahilci. Yawancin kaset ɗinmu ba rubutu a jikinsu, don waɗanda suka ɗauke su ba su iya ba. Yau tsohuwa na iya ji ta ce wannan muryar wane ce, ran auren wance, shekarar da aka yi fara. Gobe ba mai faɗi. Sami kaye guda. Ba kowane kaset lamba, ka rubuta lambar a jikinsa da cikin kayen. Tara dattawa a saurara tare. Ka rubuta sunan mawaƙi da na ubansa da garinsu, da masu yi masa amshi in an san su, da irin kayan kiɗan. Ka rubuta wurin da aka yi, da dalilin taron, da shekara. In ba a san shekara da lamba ba, rubuta abin da ya faru cikinta, malamin ajinku zai taimake ka ku gano. In mawaƙin na da rai, ko ɗiyansa, a gaya musu, a ba su nasu kati. Wani ya zo daga birni ko daga waje yana son ya kwafa, a nuna masa kayen, a ce ga masu abu, da su za ka yi magana. A Yamai akwai gidajen da ke ajiyar irin wannan, kamar IRSH da CELHTO da gidan koyon kiɗa na Elhaji Taya. Ajin da ya cika kaye guda na iya rubuta musu takarda, da Hausa, ya faɗi kaset nawa ya tara da sunayen mawaƙan da ke ciki.